Na'urar da Ba Ta San Launi Ba: Shirya Hoton Takarda Don Faks

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu saurarenmu, na cikin garin Tawa daga Bilbis zuwa Wadata, da ku mutanen Kalfu, Barmu, Afala, Takanamat, Tamaske da Keita, har Tabalak bakin tabki.

Yau maganar faks za mu yi. Na san akwai saurayin da ya riga ya kai hannu zai murɗa rediyo, yana cewa faks kuma a wannan zamani? Dakata kaɗan ɗan uwa, bari in ba ka labarin kawuna, in ya so sai ka murɗa.

Kawun nan nawa ƙanen mahaifiyata ne, yana zaune a wani ƙauye arewa da Tawa. Kamar kusan kowane magidanci a nan Adar, yankinmu na Tawa, yana da ɗa a waje. Mu dai an san mu da tafiya biɗa, wani Abijan, wani Libiya, wani Kamaru ko Gabon. Nasa ɗan bai tsaya ba sai Jamus. Wata rana yaron ya bugo waya hankali tashe, wai wani ofishi na can yana neman takardar haihuwarsa cikin ƴan kwanaki, kuma sun ce ko ta gidan waya ko ta faks, ba sa karɓa ta imel. Gidan waya ba zai kai cikin lokaci ba. Sai suka shirya a ɗauki hoton takardar a tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya buga ta a can, ya je shago ya aika ta faks.

Bayan sallar isha'i aka buɗe adaka, aka zaro takardar daga cikin leda, ninki huɗu, ta yi shekaru ba ta ga rana ba. Aka shimfiɗa ta bisa tabarma mai zanen ja da kore. Wani jika ya riƙe tocila daga gefe, wani ya ɗauka. A fuskar salula hoto ya fito, kowa ya gani ya ce madalla. Washegari yaron ya kira: abin da ya fito a ofishin mutanen nan rabinsa baƙi ƙirin, hatimin magajin gari ya ɓace, sunan kuwa kamar tururuwa ta bi ta kan toka. Aka sake, haka. Ranar Lahadi kawu ya biyo motar kasuwa ya same ni.

Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Ɗana, mi ya samu Annasaran nan? Sau biyu munka aika. Ni da ido ya fara gajiya ina ganin sunan yaron garau, su sunka ce ba su gani. Ko dai ba su son ba shi takardar ne?"

Na ce, "Kawu, mutanen ba su da laifi. Na'urar ce ba ta gani ba."

Ya ce, "To wace irin na'ura ce wagga da ta ɗara ni makanta?"

Tambayar kawu ita ce shirinmu na yau.

(Ɗan kiɗa)

Faks ba ta kallon takarda gaba ɗaya kamar yadda ni da kai muke yi. Layi-layi take bi daga sama har ƙasa, kuma kowane layi ta raba shi ɗigo 1,728, wato kamar ɗigo 8 a cikin kowace milimita. A aikinta na yau da kullum layi kusan 4 take jerawa a milimita ɗaya, in an danna mata aiki mai kyau ta ninka. Kowane ɗigo kuma tambaya guda take yi masa: kai fari ne ko baƙi? Babu ja, babu shuɗi, babu ruwan toka. Hoton salula kuwa kowane ɗigo nasa zai iya ɗaukar launi ɗaya daga cikin sama da miliyan 16. To ka ga inda gizo ke saƙa. Inuwar da hannun jikan kawu ya jefa bisa takarda, idonmu ya san inuwa ce, ya tsallake ta ya karanta abin da ke ƙarƙashi. Faks ba ta san wani abu wai shi inuwa ba. Dole ta yanke hukunci, kuma in duhun ya ɗan yi yawa sai ta ce baƙi, ta shafe suna da kwanan wata da komai. Hatimi mai shuɗin da ya koɗe kuma ta dube shi ta ce fari, shi ke nan ya tafi.

Yadda take isar da saƙon ma abin sha'awa ne. Ku ɗauka wata mata a Tamaske tana son ƙawarta ta Tawa ta saƙa faifai irin nata sak, kuma ta waya kaɗai za su yi magana. Ba za ta tsaya tana cewa fari, fari, fari har sau 40 ba. Cewa za ta yi, zagaye na farko fari 40, baƙi 3, fari 60. Haka faks ke yi, ƙidayar jeri take faɗa. Kukan nan mai kama da na tsuntsu da kake ji in ka kira lambar faks bisa kuskure, gaisuwar na'urorin biyu ce, suna daidaita saurin da za su yi magana kafin a fara ƙidaya. Asalin dabarar taƙaita ƙidayar ta wani ɗalibi ce a Amurka, David Huffman, wanda ya fitar da ita a 1952.

Abin da wannan ke nufi ga aljihunka shi ne, takarda mai farin fili da baƙin rubutu tsaf takan wuce cikin ƙasa da minti ɗaya, don layin da ba rubutu numfashi guda ake faɗinsa. Amma in fili ya cika da ɗige-ɗige, sai ƙidaya ta koma fari 1, baƙi 1, fari 2, baƙi 1, har ƙasan shafi. Mafi yawan na'urorin nan ƙwayar bayani 9,600 ko 14,400 suke turawa a daƙiƙa, tafiyar jaki ce in an gwada da intanet ɗin salularka. Shafi ɗaya sai ya ci mintoci, kuɗin kiran ƙasar waje na tafiya, kuma sau da yawa layi ya yanke a tsakiya a sake daga fari.

Wani zai ce to me ya sa ba a jefar da abin nan ba? Gaskiya ni ma na sha tambayar kaina. Tsohuwar aba ce ƙwarai, ta ma girmi tarho. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotilan, Alexander Bain, shi ya yi rajistar dabarar a 1843, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ke nan a Sakkwato, fiye da shekara 50 kafin Faransawa su tako Adar. A 1865 har an buɗe layin aika rubutu tsakanin Paris da Liyon da na'urar wani Ba'italiye, Giovanni Caselli. Tarhon Bell sai 1876. Ƙa'idar da na'urorin yau ke bi kuwa, mai ɗigo 1,728 ɗin nan, a 1980 hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba ta tsayar da ita, shi ya sa na'urar Japan ke jin yaren ta Faransa ba tare da tafinta ba.

Mu nan manyanmu sun tuna zamanin telesantar, lokacin da ake layi a jira kiran Abijan, faks na gefe an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Da salula ta shigo a farkon shekarun 2000, layukan ƙasa suka ja baya, faks ta bi su. Sonitel ɗin da ke riƙe da layukan ma an haɗe ta da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom. Amma can inda ƴaƴanmu suke, ba ta mutu ba. A 2018 an ƙidaya na'urorin faks kusan 9,000 a asibitocin gwamnati na Ingila, har ministan lafiya ya hana sayen sabbi. Lokacin annobar korona an yi ta yi wa Jamus dariya don ofisoshin lafiyarta da faks suke aika alƙaluman masu cuta. A Japan kuwa minista Taro Kono ya yunƙura a 2021 zai fitar da ita daga ma'aikatu, ma'aikata suka yi masa caa. Su Japanawa suna da hujja, rubutunsu haruffa dubbai ne, kuma faks ba ruwanta da irin rubutu. Boko ne, ajami ne, ko tifinag na maƙwabtanmu Buzaye, in dai baƙi ne bisa fari za ta kai shi yadda yake. Malaman allo sun daɗe da sanin wannan sirri: wankakken allo da tawada mai kauri.

(Ɗan kiɗa)

To yanzu mu koma ga aikin, kuma mai takarda da bik a kusa ya ɗauko.

Rabin aikin tun kafin a taɓa salula ake yinsa. Takardar da ta shekara a ninke, a warware ta a danne da wani abu mai nauyi ta kwana, don kowane ƙugun ninki inuwa yake yi, inuwa kuma kun ji abin da take zama. Kada a ɗauka da dare. A bari sai da hantsi ko bayan la'asar, a fito waje, a nemi inuwar katanga ko bakin zaure inda haske yake bai ɗaya. Ni da kawu mun fara zama ƙarƙashin dogon yaro, sai na ga rana na ratsowa tsakanin ganye tana yi wa takardar dabbare-dabbare, muka tashi. Tsakar rana ma ba ta yi, takarda na ƙyalli. A kashe walƙiyar kyamara. A shimfiɗa takardar bisa abu mai duhu marar zane, ko baƙin mayafi ne, ba tabarma mai ado ba. Sannan, don Allah, a goge idon kyamara da gefen riga. A wannan ƙura tamu rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi ba laifin Tecno ko Itel ba ne, datti ne da maiƙon yatsa. Ka tsaya salula na kallon takarda kai tsaye daga sama, kada ta karkata, kusurwa huɗu duk su shigo, ka lura inuwar kanka ba ta faɗa ciki ba.

Abin da ya fi ɗaukar hoto zalla shi ne a yi aiki da manhajar sikan. Mafi yawan salular Android suna da Google Drive, kuma a cikinta akwai wurin sikan. Akwai kuma Adobe Scan da CamScanner, mai iPhone kuma yana da shi cikin manhajar rubutunsa. Su waɗannan suna gano gefen takarda da kansu, su yanke abin da ke kewaye, su miƙe ta in ta ɗan karkace. Bayan nan ka zaɓi fari da baƙi, in salularka da Faransanci take za ka ga an rubuta noir et blanc. Nan ne za ka ga takardarka da idon faks. Ka buɗa hoton da yatsu biyu, ka duba suna, kwanan wata, lamba, sa hannu da hatimi. Abin da ba ka iya karantawa a nan ba, wanda ke can ma ba zai iya ba. Ka adana a matsayin PDF, girman A4, kuma in shafi 3 ne su zama cikin fayil guda a jere.

Wurin turawa ma akwai rami. In ka tura a matsayin hoto, WhatsApp na matse shi don ya rage cin mega, ƙananan haruffa su narke. Ka danna alamar maƙala, ka zaɓi inda aka rubuta Document, ya tafi yadda yake.

Bari in daɗe kaɗan a kan hatimi, don shi ne ya fi ba mu wahala. Takardunmu na hukuma, ta haihuwa ce, ta shaidar zama ɗan ƙasa ce, ko ta shaidar rashin laifi daga kotu, darajarsu tana ga hatimi da sa hannu da tambur. Hatimin nan kuwa sau da yawa shuɗi ne, kuma wani tun ranar da aka buga shi tawadar ta yi ƙaranci. Tsakanin fari da baƙi akwai mizani da ake iya matsawa. In ka matsa shi gefe guda hatimi ya ɓace, in ka zarce ɗaya gefen tsohuwar takarda da ta yi ruwan ƙasa ta koma baƙa gaba ɗaya. Sai an lallaɓa an sami tsakiya. Dabarar da ta fisshe mu ni da kawu mai sauƙi ce: mun je wurin mai fotokopi, na ce ya ɗan ƙara duhu, ya fitar da kala uku, muka zaɓi wadda hatimi ya fito kuma fili bai yi datti ba, ita muka yi wa sikan. Amma ina gargaɗi da babbar murya, kada wani ya ɗauki bik ya ce zai bi kan hatimi ko kwanan wata don ya fito. Share inuwa gyara ne. Taɓa rubutun hukuma jabu ne, kuma yana iya jawo wa yaron da kake son taimako abin da ya fi rashin takarda muni.

Yanzu ku masu shagon intanet da fotokopi, na bakin kasuwa da na kusa da jami'a, ga taku. In an kawo muku takarda aka ce ta faks ce, ku sa sikana a ɗigo 200 cikin inci, fari da baƙi, ba launi ba. Ƙara ta zuwa 600 ba ya ƙara komai sai nauyi, tunda faks galibi a kimanin 200 take aiki. In wanda zai karɓa ya nemi fayil irin na faks kansa, TIFF ake nufi, faɗinsa ɗigo 1,728. Manhajar IrfanView tana yi: ka rage launi zuwa 2, ka daidaita faɗi, wurin adanawa ka zaɓi matsi mai suna CCITT Fax 3 ko Fax 4. GIMP kuma, wadda kyauta ce, tana ba ka damar jan mizanin nan da hannunka kana kallo. Ku lura da abu guda da ke rikita mutane. A aikin faks na yau da kullum ɗigo 204 ne a kwance, 98 a tsaye cikin inci ɗaya, wato ba daidai suke ba. Shi ya sa wani lokaci ka buɗe fayil a kwamfuta ka ga shafin ya gajarce, haruffa sun yi ƙiba kamar an zauna musu. Ku zaɓi aiki mai kyau, 204 da 196, musamman in rubutun ƙanana ne. Ku bar fili a gefe da sama, don na'ura na buga lamba da lokaci a saman shafi, tana kuma iya cin baki. In an gama, ku goge fayil ɗin a gaban mai shi. Takardar haihuwar mutum da katinsa na ɗan ƙasa amana ce, bai kamata su kwana a kwamfutar da kowa ke taɓawa ba.

Akwai abubuwan da ko an yi yaya faks ba za ta kai su ba. Hoton fuska da ke jikin kati ko fasfo yakan fito kamar an shafa gawayi. Rubutun fensir yakan ɓace. Hoton ƙashi na asibiti, hoton ciki na mai juna biyu, hoton rauni ko kurji, duk amfaninsu yana cikin launi da inuwa, kuma su ne abin da faks ke zubarwa. Rahoton da likita ya rubuta a kansu shi ake aikawa ta faks, hoton kansa a nemi wata hanya. Kai, tun farko ma ka tambayi mutanen ko suna karɓa ta imel. In sun ce e, ka huta.

In kuwa sun nace, ba sai ka yi yawon neman na'ura a gari ba. Ko ka tura wa naka na can ya aika, kamar yadda muka yi, ko ka bi ta kamfanonin da ke intanet waɗanda kake ba su PDF da lamba su buga a madadinka, galibi da biya. Lambar ƙasa ce farko, Jamus 49, Faransa 33, Japan 81, kuma a waɗannan ƙasashe uku ana jefar da sifirin da ke farkon lambar gida. Ka sa shafi na gaba mai ɗauke da sunan wanda ake aika wa, sunan mai takarda, lambar fayil ɗinsa in akwai, yawan shafuka, da lambar wayarka da 227 a gabanta. A babban ofishi na'ura ɗaya mutum 20 ke amfani da ita, takardar da ba suna kuwa kwandon shara take ƙarewa. Ka riƙe ƴar shaidar da ke nuna saƙo ya tafi, amma kada ka dogara da ita kaɗai. Ita cewa take yi ya isa, ba ta ce ana iya karantawa ba. A kira a tambaya.

Wanda kuma aka aiko wa faks bisa takardar nan mai santsi da ke zuwa a naɗe, ya yi mata fotokopi ran nan. Ba tawada a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun, kuma zafi ne ke cinye shi. In ta yi bazara ɗaya a ɗakin kwano a Tawa, ranar da ka buɗe sai ka tarar da rubutu ya dushe ko takardar ta yi duhu.

Takardar kawu dai ta tafi ranar Litinin da hantsi. Kafin azahar yaron ya kira ya ce sun karɓa, har hatimin ana karanta sunan gari. Kawu ya karɓi takardarsa zai sake ninke ta huɗu, na riƙe hannunsa na ba shi babbar ambulan.

Masu saurare, wanda duk yake da ɗa ko miji ko ƙane a waje, kada ya jira sai an bugo waya hankali tashe. Cikin makon nan a fito da takardun gida, a danne su su kwana, a yi musu sikan da rana, ɗaya mai launi ɗaya fari da baƙi, a tura wa mai su ya ajiye. Ku kuma ƴan makaranta, ku ne masu ido da yatsu, ku taimaki iyaye.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa war haka in Allah Ya kai mu. A kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)